Gado Ɗaya

Ni mai sayar da turaren wuta ce a Parakou, Musulma, jikar fataken goro na Djougou. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya yi mamakin abin da ya kai ni cikin coci wata Lahadi ta farkon Janairu, da lulluɓina da komai, na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Kawuna ne ya kai ni. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ne Kirista a duk zuri'armu.

Tun yana saurayi kakanmu ya riƙa aikensa kasuwar Partago da goro. A can ya gano wata yarinya 'yar ƙabilar Yom, ɗiyar mai koyar da addinin Kirista a ƙauyen. Goro ya ƙare, Kawu bai dawo ba. Ya aure ta, ya bi addininta. Da kakanmu ya rasu malamai suka zauna rabon abin da ya bari, suka ce addini ya raba, Kawu ba shi da kaso. Wannan hukunci ne, kuma ban taɓa jin Kawu ya yi ƙorafi a kansa ba. Gida, da rumfar kasuwa, da gonar da ke hanyar Pélébina, har da wani tsohon gadon ƙarfe da kakanmu ya hauro da shi daga Kumasi, duk suka faɗa hannun yayansa Alhaji da sauran 'yan'uwa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙarin da danginmu suka yi wa hukuncin daga aljihunsu. Ba malamin da ya ce a ware masa kofin shan ruwa, amma an ware. Ba malamin da ya ce in za a yi suna ko ɗaurin aure a gaya masa bayan an watse, amma haka ake yi. Mutanen da ba sa tashi sallar asuba sai rana ta dake su a ƙeya, su suka fi kowa tsantseni a kan kofin Kawu. Da abin ya ishe shi ya tattara ya dawo Parakou yana gyaran keke. Bayan matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka yi nisa wajen neman abinci, na ba shi ɗaki a gidana a unguwar Guéma. Mijina direban babbar mota ne, mutumin Nijar, shi da ke cin abinci a kowace tasha da kowane irin mutum bai ga abin magana a ciki ba. Sunan kakata aka sa mini, saboda haka Kawu ba ya kirana da komai sai Uwata. Alhaji ma haka yake kirana, shi ne abu ɗaya da na san sun yi tarayya a kai.

Bikin da nake magana a kansa yana zuwa ne bayan Kirsimeti da kwana goma sha wani abu. Mutanen cocinsu Efifani suke ce masa, Kawu kuwa ranar Bayyana yake cewa. Labarin dai na wasu mutane uku ne da suka taso daga gabas suna bin tauraro, har suka iske Almasihu yana jariri, suka ba shi zinariya da lubban da mur, wani ƙaro mai ƙamshi. Kowa sarakuna yake ce musu, ban da Kawu.

"Uwata, ba sarakuna ba ne," in ji shi wata rana ina tsince lubban a faifai. "Fatake ne. Wane sarki kika taɓa gani ya bar gari ya bi tauraro da ƙunshin lubban a hammata? Wanda ya san taurari ya san hanya, ai madugu ne. Yarensu daban da na masu gida, addininsu daban. Suka yi sallama, aka ce su shigo. Ba wanda ya tsare su a zaure yana tambayar 'ya'yan gidan wa ne. Ma'anar ranar ke nan. Allah ya nuna kansa ga baƙi, don kada 'yan gida su ce nasu ne su kaɗai."

A kan ko wane ne jaririn nan ba mu taɓa daidaitawa ba. Shi yana da abin da ya gaskata, ni ina da abin da aka karantar da ni, kuma mun daɗe da barin maganar a inda take. Amma zancen fatake ya shige ni, domin sana'ar kakanninmu ce. Na kuma gane dalilin da ya sa mutumin da aka ware wa kofi ya fi son wannan rana a kan duk ranakun shekara.

A cocin da Kawu yake zuwa suna da al'ada. Ranar Bayyana kowace ƙabila tana zuwa da tufafinta, sannan a tsakiyar ibada mutum ɗaya daga kowacce ya fito ya yi gajeriyar addu'a da yarensa. Bariba su yi, Fon su yi, Yarbawa, Yom, Lokpa, Ditammari, Dendi, Ibo, kowa da nasa. Hausa kaɗai ce ba a taɓa ji ba. Amma akwai aikin da suka ga Bahaushe ya dace da shi. Ana zaɓar maza uku su yi shigar sarakunan nan su shigo da kyaututtuka, kuma tun da Kawu ne kaɗai mai babbar riga da rawani na gaskiya, ba zanin tebur da aka naɗa a kai ba, sai ya zama sarkin lubban na dindindin. Shekara ashirin da wani abu yana yi. Ni nake ba shi lubban, ni nake guge rigar, mijina yake naɗa masa rawanin in yana gari. Zai shiga a hankali da kaskon wuta a hannu, ya rusuna, ya koma gefe ya tsaya har a tashi. Sarki ba ya magana. Rigarsa suke so a hoto, bakinsa kuwa ba su da buƙata.

Mai riƙe da wannan tsari ita ce shugabar kwamitin shirya biki. Kowa Madam yake ce mata. Mace ce da ɗaurin ɗankwalinta ke riga ta shiga ɗaki. Takan zo rumfata sayen turare, ta shinshina kowane kwano ta yatsine fuska, sannan ta sayi wanda ta fi kushewa. Sau uku Kawu yana roƙonta a sa Hausa cikin jerin yarukan, sau uku tana shafa masa kafaɗa tana cewa, "Papa, Hausa ai yaren kasuwa ne. Kuma na Musulmi ne." Wannan fa a kan bikin da suka ce na dukan al'umman duniya ne. Ashe duniyar Madam tana da ƙofa, kuma makullin yana cikin jakarta.

Sai Allah ya kawo musu sabon fada, wato limamin cocin, wani matashi da bai riga ya koyi tsoron kwamiti ba. Ya duba jerin yarukan ya ce duk yaren da ake ji a titunan garin nan dole a ji shi a coci ranar Bayyana. Ranar da Kawu ya dawo da wannan labari ya manta sandarsa a cikin cocin, sai da ya iso Guéma ya tuna.

An ba kowace ƙabila jimla ɗaya da Faransanci ta juya zuwa yarenta. Ta Hausa tana cewa ne dukan al'ummai abu ɗaya za su gada a wurin Allah. Ban san ko fada ya san tarihin Kawu ba, ko kuwa dace aka yi. Mako uku Kawu ya yi yana fama da jimlar nan. Mutumin da ya sha Hausa a nono, sai ga shi yana juya kalmomi kamar mai zaɓen goro, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Akwai wata kalma a takardar da in aka bi ta kai tsaye arna za a ce. Na tambaye shi ko ita za mu sa.

"A'a, Uwata. Wannan kalmar na sha ta a Djougou har na ƙoshi. Sa al'umma."

A ƙarshe ga abin da ya tsaya a kai: Ya Ubangiji, ka tuna mana cewa dukan al'umman duniya, baƙi da 'yan gida, gado ɗaya ka ba mu.

Shi ba ya buƙatar takarda, ya riga ya haddace. Amma Madam ta ce kowa ya kawo nasa a rubuce don a buga a cikin tsarin biki. Hannun Kawu yana rawa, saboda haka ni na rubuta, da bokon da na koya a makarantar Faransanci. Ban yi kuskure ba, haka ake rubutawa. Sai dai duk Bahaushe ya san gado biyu ne a baki, ɗaya ne a takarda. Na kwanciya ana faɗarsa a taƙaice, murya tana sama har ƙarshe. Na mamaci kuwa sai an ja farkonsa, gaa, sannan a sauke murya a kan do. Yaron goye ma ba ya haɗa su. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa takardar za ta faɗa hannun wanda bai san bambancin ba.

Ranar Asabar da la'asar suka yi gwaji. Kawu ya dawo ya zauna a kan kifaffen turmi a tsakar gida, bai shiga ɗaki ba. Na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"An ba Mushe," in ji shi.

Mushe wani tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, da ya yi ritaya, ɗan kwamiti, kuma shi ya saya wa cocin sabuwar lasifika. Ya yi aiki shekaru a bakin iyakar Nijar, saboda haka yana ganin babu Bahaushen da ya kai shi. Na san Hausarsa sarai, yakan gwada ta a kaina a kasuwa. Ba ta wuce sauke kaya, buɗe jaka, ina takarda, sannu da aiki. Madam ta ba da dalilai biyu. Na farko, sarki ba zai ajiye kasko ya tafi wurin lasifika ba, zai ɓata tsari. Na biyu, haƙoran Papa sun zube, maganarsa ba za ta fita sosai ba. Fada kuwa ya ce a ji Hausa ne, bai ce a bakin wa ba, kuma ranar gwajin ya tafi ƙauye.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa kada ya je, su nemi wani ya ɗaukar musu kaskon, ko Madam ta naɗa ɗankwalinta ta zama sarki na uku, ai ya isa rawani biyu. Kawu ya yi murmushi kaɗan.

"In ban je ba sarakuna biyu za su shiga. Ba Madam nake kai wa lubban ba." Ya kurɓi ruwan. "Ke dai ki zo, Uwata. Ko a bakin wa ta fito, maganata ce. Ina so wani na gidanmu ya ji."

Shi ya sa na je.

Ba zan yi musu ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Amma rabin abin da na gani gasar zani ce. Kowace ƙungiya ta ɗinka anko, ana satar kallon juna ana auna wa ya fi wa. Masu waya sun ɗaga ta sama suna ɗaukar hoto tun kafin a fara. Madam tana kai da kawowa a tsakiya da takarda a hannu, tana nuna wa mutane wurin zama da baki. Sarakuna suka shigo. Na farko ya sa hular kwali mai walƙiya, na biyu ya yafa labule. Kawu ne a baya, cikin rigarsa shuɗiya da farin rawani, hayaƙin lubban ɗina yana tashi a gabansa. Duk wayoyin nan suka juya kansa. Ya rusuna, ya koma gefe ya tsaya inda ya saba.

Aka fara addu'o'in. Ba duka nake ji ba. Wata tsohuwa ta yi tata da Ditammari, ba ta ko duba takarda ba. Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma na ce a raina to, ga wadda ta zo don abin da aka taru dominsa. Bayanta sai aka kira Hausa.

Mushe ya taso cikin wani kaftani da bai rufe masa ciki ba. Ya ƙwanƙwasa lasifikarsa sau biyu don kowa ya tuna wa ya saya. Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali, yana tsayawa bayan kowace kalma. Al'umma ta ba shi wahala amma ya haye. Baƙi ya ce baki, na bar masa wannan. Da ya zo ƙarshe sai ya ɗaga kai, ya buɗe hannu, ya faɗa da ƙarfi cewa dukanmu gado ɗaya aka ba mu, kuma na kwanciya ya faɗa. Abin ya yi masa daɗi a baki har ya ƙara daga kansa, "Gado ɗaya. Maza da mata, gado ɗaya."

Jama'a suka amsa da amin.

Parakou gari ne da ko wanda ba Bahaushe ba kunnensa ya san Hausa. 'Yan Dendi da ke gabana suka fara sunkuyar da kai. Wasu 'yan kasuwa Ibo da suka zauna a Kano kafaɗunsu suka riƙa rawa. Wata mai sayar da doya da na sani ta cusa bakin zaninta a baki, hawaye yana zubo mata. Dariyar ta bi benci benci a ɓoye har ta kai gaba. Madam kuwa ta lumshe ido tana gyaɗa kai, irin na wadda magana ta ratsa. Ni ma dariyar ta taso mini, ba zan ɓoye ba. Sai na dubi Kawu. Yana tsaye yadda aka ce ya tsaya, kasko a hannu, bai motsa ba. Leɓunansa kawai na ga suna motsi, kuma na san me yake faɗa, yana gyara kalmar ne shi kaɗai. Idanunsa sun yi ja. In an tambaye shi zai ce hayaƙi ne.

Da aka tashi aka fito harabar coci, Madam ta jawo Mushe da sarakuna uku don a yi hoto. Ta hango ni, ta yafito ni da hannu, ta ce mini da Faransanci, "Kin gani ko? Yau an ji yarenku. Mu ba ma ware kowa."

Na ce mata da Hausa, a hankali yadda Mushe zai tsinta, "Mun ji, Madam, Allah ya sa alheri. Sai dai tun da gadon ɗaya ne, ke da Mushe wa zai kwana ta bango?"

Ba ta gane ba, ta ce mini mersi, wai ta gode. Mushe ya tsaya yana haɗa kalmomin, sai na ga kunnuwansa sun fara gane abin da bakinsa ya yi. Mai doyar nan ta zauna a ƙasa don dariya. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka na rama wa Kawu. Shi kuwa ya kama gefen mayafina ya ce, "Uwata, mu je gida." Muka kama hanya har muka isa. Ya cire rigar ya ninke da kansa, ya warware rawanin, ya ba ni ya ce in sa a ƙasan akwati. Daga baya na ji fada ya zo ya ba shi haƙuri, ya ce baɗi Kawu ne zai yi addu'ar. Kawu ya gode masa. Ya ce mini ai magana ta riga ta fita, kuma duk wanda ya ji ta baɗi ta bana zai tuna. Gaskiyarsa ne, domin har yara a unguwarmu in sun ga Kawu sai su ce gado ɗaya su ruga.

Bayan kamar wata guda na tafi Djougou suna. Gidan kakanmu ya cika da mata, ana ta tuƙin tuwo. Ni da bakina ba ya riƙe labari mai daɗi, sai na kwashe duka na ba su. Na kwaikwayi tafiyar Madam, na kwaikwayi Mushe da ƙwanƙwasa lasifika. Tsakar gida ta kaure da dariya. Na yi zaton Madam ake yi wa. Sai wata 'yar'uwar mahaifiyata ta goge ido ta ce, "To ai ga irinta nan. Ya bar gidan ubansa ya je ana wasa da shi kamar ɗan tsana." Wata ta ce, "Gadon ma na kwanciya aka ba shi, shi ya dace da shi." Suka sake fashewa. Nan na gane abin da na yi. Na ɗauko abin da ya fi yi wa Kawu ciwo na kawo wa mutanen da suka ware masa kofi, na zuba musu a faranti suna ci da tuwon suna. Duk raina mutane da nake yi, ranar na ga ban fi su da komai ba.

Ashe Alhaji yana jin mu. Ya tsufa ƙwarai lokacin, ba ya zuwa kasuwa, yana zama a ƙofar ɗakinsa da kwandon goro yana ware masu tsutsa. Ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, maimaita mini abin da aka karanta."

Na maimaita.

"Wa ya tsara maganar?"

"Kawu ne."

"Wanne ya nufa?"

"Na mamaci, Alhaji."

Ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannu. Na zaci faɗa zai yi, ya ce ƙanensa ya kai ƙararsa gaban Kiristoci. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Wannan ba ni na raba ba. Malamai suka raba, ba ni da ikon tayar da shi." Na ce na sani. Sai ya nuna cikin ɗakin da haɓa. Gadon ƙarfen Kumasi yana nan a kusurwa, an jibga masa tsofaffin buhuna da ganyen naɗe goro.

"Shekara goma sha biyu muna kwana a kan wancan, ni da shi," in ji Alhaji. "Tun yana fitsarin kwance har na yi aure. Shi ke kwana ta bango. Mirgina gare shi, in aka sa shi ta waje sai a tsince shi a ƙasa. Ni nake tare shi."

Na tuna tambayar da na yi wa Madam a harabar coci, da yadda Kawu ya kama mini mayafi. Na tashi na koma cikin mata.

Washegari da zan koma Parakou na iske an kwance gadon, an ɗaure ƙarafunansa da igiya a saman motar da zan shiga. Na koma wurin Alhaji na tambaye shi ko akwai saƙo. Ya ce babu. Na ce ko zai zo ya ga ƙanensa, hanya ce ta 'yan sa'o'i, mijina ma zai iya ɗaukarsa. Ya ce ƙafarsa ba ta barinsa. Ƙafar da ta kai shi Makka sau biyu. Na ce to ko Kawu ya zo? Ya dubi wajen matan da ke tsakar gida ya ce a bari tukuna. Shekara arba'in da wani abu, abin da dattijon nan ya iya fitarwa ke nan, tsohon ƙarfe mai tsatsa, shi ma ba tare da gaisuwa ba. Duk hanya ina jin ƙarafunan suna ƙara a saman mota, ina tsaki.

Kawu yana zaune a kan turminsa aka sauke kayan. Ya taso ya shafa kan gadon, wurin da aka yi wa ado da wasu ƙwallaye na tagulla, ɗaya ya ɓace. Ya sa yatsa a ramin ya ce shi ya cire shi yana yaro, ya sha duka a kai.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Kawu. Ya ce dai a kawo maka gado."

"Yaya ya faɗe shi?"

Na so in yi masa ƙarya. Jan harafi ɗaya ne kawai, ba wanda zai kama ni. Amma yana kallon bakina, kuma an riga an yi masa wasa da kalmar nan sau ɗaya. Na faɗa yadda Alhaji ya faɗa, a taƙaice, na kwanciya.

Ya gyaɗa kai. "To. Shi ma ya isa."

Da kansa ya haɗa shi, da tsofaffin sifanonin gyaran kekensa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya fitar da ɗan gadon katakon da na ba shi, ya tura na ƙarfen har ya manne da bango. Na ba shi katifa babba da matashi ɗaya, ya ce in ƙaro ɗaya.

Shekara biyu ya yi bayan haka. Bai sake yin sarki ba, wani ya karɓi kaskon da zanin tebur a kai, Mushe kuma bai sake taɓa Hausa a coci ba. Madam tana nan tana shugabanci, har yanzu a wurina take sayen turare. Alhaji bai zo ba. Kullum a bari tukuna, har aka aika masa da labarin rasuwar Kawu, ya aiko da goro.

Ni nake kai wa Kawu kunu da rana in ya kwanta hutawa, saboda haka na sha gani. Gadon yana da faɗi, mutum ɗaya zai iya baje ƙafafunsa yadda yake so. Amma kullum a takure nake samunsa ta bango, fuskarsa tana kallon siminti. Rabin da ke ta waje a shimfiɗe yake, da matashinsa, ba ya ko ɗora hannu a kai.